Karatun da Na Ɓoye wa Inna

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Audu Katakis. Ya rasu da damina, ana tsakiyar noman farko, kuma ko a safiyar da zai cika sai da ya sa aka karanta masa karatun ranar. Ban saba rubuta irin wannan waiwaye a jarida ba, bana ma ba yabo ne ya zaunar da ni ba. Haushi ne. Ina jin haushin zamani, ina jin haushin 'yan cocinmu, har shi marigayin ina jin haushinsa, Allah ya gafarta mini. Kaso mafi tsoka kuwa na kaina ne.

Mu 'yan Katolika ne, gidaje ƙalilan a wani ƙauye gefen Karare, a tsakiyar 'yan'uwanmu Musulmi. Fada, wato limamin coci, yakan zo mana daga Katsina sai an yi sa'a, wani lokaci a yi wata biyu ba a ga ƙurar motarsa ba. Sauran kwanakin duk Baba ne, don aikin katakis ke nan. Shi ke koyar da masu shirin baftisma, shi ke yi wa gawa addu'a, shi ke karanta mana karatun kowace safiya kafin a fita gona. A cocinmu kowace rana tana da nata karatun daga Littafi Mai Tsarki, an riga an tsara shi, abin da ake karantawa a ƙauyenmu shi ake karantawa a ko'ina a duniya wannan rana. Yawancin ranaku kuma suna da waliyyin da ake tunawa da shi. Duk ƙarshen shekara ɗan littafin tsarin yakan iso Batsari a motar haya, Baba ya hau kekensa ya je ya karɓo.

Sunayen waliyyan nan sun fi ƙarfin bakin tsofaffinmu, don haka Baba ya raɗa musu nasa. Akwai Mai Kifi, akwai Likita, akwai Tsohon Tsuntsaye, akwai Baiwar Sudan, wadda aka sace tana yarinya aka yi ta sayarwa hannu zuwa hannu, ta girma ta yafe wa waɗanda suka sace ta. Yakan ba da labarinsu kamar mutanen unguwar gaba ne da ya san iyayensu. Wani Bafulatani da ke wucewa da shanunsa ta bayan coci yakan tsaya ya jingina da sandarsa ya ji ƙarshen labari, sannan ya yi gaba.

Doka ɗaya Baba yake da ita, kuma a kanta ba ya jin lallashi: ba a zaɓar karatu. Abin da rana ta kawo shi za a karanta, ya yi daɗi ko bai yi ba. Safiyar ɗaurin aurena karatun ya faɗa kan wani birni da aka rushe, aka kwashe mutanensa bauta. Dangin amarya sun cika coci, kawuna ya je ya raɗa masa a kunne cewa don Allah ya nemo wani abu mai daɗin ji. Baba ya gyara tabarau ya karanta rushewar birnin nan tun daga farko har ƙarshe, bai rage ko tubali ɗaya ba. Da na yi masa ƙorafi daga baya sai ya ce, "In ni ka zaɓar karatu, to ni kuka zo saurare ke nan, ba Ubangiji ba. Ni kuwa mi na sani?" Matata har yau in mun yi faɗa takan ce ai tun ranar farko aka gargaɗe ta.

To ina ma Baba ya tashi ya duba wayata yau. Tun kafin in wanke fuska saƙonni sun cika ta, kowa ya zama mai wa'azi. Wannan ya tsinko aya a kan arziki, wancan ya tsinko ta kariya daga maƙiya, an yi mata ado da furanni da hoton gajimare. A ƙasa a rubuta cewa duk mai nufinka da sharri zai faɗi kafin azahar, ka rubuta Amin ka tura wa mutum goma. Mutanen da Baba ya yi wa baftisma da hannunsa ne ke tura mini. Tunani a kan karatun ranar ma yana zuwa, amma da Turanci, wani ya rubuta shi a wata ƙasa don masu aikin ofis, ana ba su shawara su rage damuwa su riƙa fita shan iska. Wace iska? Mutumin da ya bar rumbunsa cike da dawa ya gudo da kayan jikinsa, wannan za a ce wa ya fita shan iska? Ba wanda ke karantawa har ƙarshe, ni na sani, don na taɓa tambayar wani dattijon coci waliyyin ranar, ya ce bari ya duba, sai ga cajin wayarsa ya ƙare.

Na daɗe ina wannan mita, ina ganin kaina a matsayin ɗan Katakis na gaskiya. Ga abin da ban faɗa wa kowa ba.

Shekara huɗu da suka wuce 'yan bindiga suka tarar da ƙanina Sabo a gona yana noma. Suka harbe shi tare da maƙwabtanmu biyu, Musulmi, waɗanda muka taso tare. Bai yi gardama da kowa ba, fartanya ce a hannunsa. Cikin sati biyu ƙauyenmu ya watse, coci da masallaci duka aka bar wa ciyawa. Mahaifiyarmu, Inna, ta koma gidan ƙanwata a cikin garin Batsari, ni kuwa ina koyarwa a wata firamare a Safana. Inna ba ta karatu. Shekara arba'in ta yi tana jin karatu daga bakin Baba, bayan rasuwarsa kuma Sabo ne ya riƙa karanta mata. Da aka kashe Sabo sai abin ya dawo kaina. Kowace safiya kafin in tafi makaranta ina kiranta a waya, in karanta mata karatun ranar, in faɗa mata waliyyin, ta ce Amin, ta tambayi lafiyar yara.

Watanni kaɗan da fara wannan, wata safiya na buɗe littafi sai na ga wurin da Yesu ya ce a ƙaunaci maƙiyi, a kuma yi wa mai tsananta maka addu'a. Na daɗe ina kallon shafin. Na ce a raina, wannan tsohuwa da ta wanke jinin ɗanta daga rigarsa, ni zan kira ta da sassafe in ce ta ƙaunaci wa? Sai na juya shafi na karanta mata wata zabura mai sanyi. Ta ce Amin. Daga ranar hannuna ya saba. Duk karatun da ya taɓa gafara ko maƙiyi sai in tsallake. Ranar Baiwar Sudan na ce mata yau babu waliyyi. Washegarin Kirsimeti, ranar wanda aka jefe da duwatsu yana roƙa wa masu jifansa gafara, na ce mata layin waya ba kyau. Na riƙa gaya wa kaina tausayi ne, kuma har na yarda.

A nan ne haushin Baba yake kama ni. Shi ya yi dokarsa lokacin da maƙiyin mutum bai wuce wanda akuyarsa ta ci maka gyaɗa ba, ko wanda ya matsa iyakar gona da taku biyu. Ya rasu a kan tabarmarsa, 'ya'yansa duka suna kewaye da shi. Bai ga an kawo Sabo a kan amalanke ba. Sau da yawa a kan babur, tsakanin Safana da Batsari, nakan yi masa gardama a zuciyata: Baba, da kana nan, za ka iya buɗe baki ka karanta mata wannan? Ba ya amsawa, kuma abin da ya fi ba ni haushi shi ne na san amsar.

Bana 'yan cocinmu da ke zaune a Batsari suka ce za a yi masa addu'ar tunawa. Aka kafa kwamiti. Aka yi zama uku a kan kalar anko, zama ɗaya a kan hotonsa da za a buga a kalanda, aka kusa bai wa hammata iska a kan shinkafa ko tuwo. Da aka zo kan karatu, shugaban kwamiti ya ce an riga an zaɓo mai dacewa da marigayi, wanda ke yabon bawa mai aminci. Na miƙe na yi ta faɗa. Na ce mutumin da bai taɓa zaɓar karatu ba a rayuwarsa shi za ku tuna da zaɓaɓɓen karatu? Na yi maganganu masu zafi, wasu har na ji kunyarsu daga baya. Suka ba ni haƙuri, suka kuma yi abin da suka ga dama. Aka yi taro, aka ci shinkafa, anko ya yi kyau.

Da la'asar bayan mutane sun watse, na shiga ɗakin Inna ina ta huci, ina zayyana mata laifin kwamiti. Tana zaune tana ɓarar gyaɗa, ba ta ɗago ba. Inna ba ta kiran sunana saboda ni ne ɗan fari, Malam take ce mini.

"Malam, ka gama?"

Na ce na gama.

"To ni ma ina da tambaya. Noman farko ya kusa ƙarewa, ban ji na maƙiya ba. Ina ya tafi?"

Na yi kamar ban gane ba. Ta ce, "Wanga karatu da azumi yake zuwa, kafin Ista. Ya kuma dawo in ana noman farko. Shekara arba'in ina jin shi, ko ban san baƙi ba na san lokaci nai. Shekarar fari da ban ji ba na ce ko hankalina ne ba ya jikina. Ta biyu na ce ko an sake littafin. Yarinyar Sudan ma ta ɓace. Ko ita ma an sake sace ta ne?"

Ban taɓa jin kunya irin ta wannan lokaci ba. Minti biyar da suka wuce ni ne mai kare dokar Baba a gabanta. Na ce, "Inna, don ke na yi. Na ga ba za ki iya ji ba."

"Don ni?" Ta ajiye ƙwaryar gyaɗar. "Ka tambaye ni? Kai dai ba ka iya karantawa, sai ka ɗora mani."

Gaskiya ta faɗa. Ba kunnenta nake karewa ba, bakina nake karewa. Ni ne ba na son kalmomin nan su bi ta maƙogwarona, don har yau in na rufe ido ina ganin abin da zan so ya sami mutanen da suka kashe Sabo, kuma ba abin da za a rubuta a jarida ba ne.

Ta ce in ɗauko littafin. Na ce ranarsa ta wuce tun Talata. Ta ce ta sani, a karanta mata abinta. Na buɗe na karanta, na tsaya sau biyu. Ayoyi ne kaɗan amma sai da na yi gumi. Da na gama ba ta ce Amin ba. Hawaye ne kawai ke bin fuskarta tana gogewa da gefen zane.

Mutane da yawa sun yi jawabi a wurin taron a kan abin da Malam Audu ya bari. Wani ya ce coci, alhali cocin yanzu rufinsa ya rufta. Wani ya ce tarbiyyar 'ya'ya, ni kuwa ga irin tarbiyyar da na nuna. Iyakar abin da na gani da idona shi ne tsohuwa guda da ba ta san harafi ko ɗaya ba, wadda ta haddace tafiyar shekara gaba ɗaya daga bakinsa, kuma ta ƙi yarda a rage mata ko da ɓangaren da ya fi yi mata ciwo. Ban ce haushina ya wuce ba. Har yanzu wayata tana cika da furanni da Amin, har yanzu ba wanda ya isa ya je ya share kabarin Baba ko na Sabo, har yanzu kuma ban ga alamar zan iya abin da karatun ya ce ba.

Da na tashi zan kama hanyar Safana kafin rana ta faɗi, na durƙusa na yi mata sallama, sannan na kasa haƙuri na tambaye ta. Na ce, "Inna, to ke kin yafe musu?"

Ta dube ni kamar na tambaye ta ko ta iya tuƙa mota.

"Ban yafe ba. Bara ban iya ba, bana ma ban iya ba. Amma in ka ɓoye mani shi, da mi zan gwada baɗi?" Ta jawo ƙwaryarta ta ci gaba da ɓara. "Yana sake zuwa in gero ya nuna. Ka kira ni da wuri."