Goron Aurena a Hannun Masu Neman Taba

Ranar Juma'ar da za a ɗaura mini aure na tashi bakina ya ƙi rufuwa. Shekarata arba'in da ɗaya, goma sha biyu daga ciki a Bronx na yi su, ina dafa wa kaina shinkafa da wake, sai ga shi wata ta ce ta ji ta gani. Zama a ɗaki ya gagare ni, sai na tafi na buɗe shago kamar kullum. Wata tsohuwa ta shigo sayen sabulu na gaishe ta sau uku, har ta tambaye ni ko lafiya.

Shagon ɗan ƙarami ne, a wani layi da ya ɓalle daga Grand Concourse. Shekara biyu bayan guguwar nan da ta cika ramukan jirgin ƙasa da ruwa na karɓe shi daga hannun wani mutum da ya yi gaggawar barin gari. Abin da na fara yi shi ne na kwashe taba daga kanta, na zuba manja, garin kwaki, katin waya da turare. Ina cikin shara na gano wani abin mamaki: bayan kantar shinkafa akwai allon katako da in ka danna gefensa sai ya buɗe, ciki kuwa wani loko ne mai duhu da sanyi. Ban taɓa tambayar kaina abin da ya sa mutum zai wahalar da kansa ya gina irin wannan ba. Na dai ce Allah ya yi masa albarka, ya bar mini ma'aji.

Wadda zan aura 'yar zangon Kumasi ce, tana aikin kula da tsofaffi a gidajensu. Mahaifinta tana zaune da shi a Morris Heights, tsoho ne da ya yi shekara arba'in yana fataucin goro kafin ƙafa ta hana shi. Ranar da na je gaishe shi bai tambaye ni asalina ba, bai tambayi abin da nake samu ba. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, da irin Hausarsu:

"Ku mutanen Nijar kun iya cin goro, amma ba ku iya riƙe shi ba kuraa, ko kaɗan. Ka kawo ƙwarya biyu ran Juma'a. In na ga goron, na ga yadda za ka riƙe 'yata."

Na yi dariya, shi bai yi ba. Da muka fito 'yarsa ta ce mini kada in ɗauka wasa yake, ya taɓa tashi daga wurin ɗaurin auren ɗan ƙaninsa saboda goron da aka kawo ya yi yaushi. Ango ko bai halarta ba wakilinsa ya isa, amma in goro bai yi wa Baba ba, to ranar babu fatiha.

Saboda haka na hau jirgin ruwa na tafi har Stapleton wurin wata Hajiya da ake cewa nata ya fi na kowa. Na zaɓi ƙwarya biyun, wato ɗari biyu, da hannuna, manya marsa-marsa, fari da ja, babu mai tabo ko ɗaya. Ta jera mini su a kwando cikin ganyen fita, wato faffaɗan ganyen da ake naɗe goro da shi, ta rufe da jiƙaƙƙen buhu. Ta ce kada iska ya sha shi, kada ya shiga firji, kada ya kwana kusa da hita. Da na dawo na tsaya ina tunanin inda zan ajiye shi. Ɗakina zafi kamar gidan burodi, kuma in na bar shi a fili, abokaina direbobin tasi da ke shigowa shan shayi za su yi ta cewa "ɗaya kawai" har su ga gindin kwando. Sai na tuna da lokon nan. Kwana huɗu ina buɗe shi safe da yamma ina yayyafa wa buhun ruwa.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya da rabi, ina shirin rufewa in je in yi wanka, mutum uku suka shigo. Riguna masu duhu, tauraro a ƙirji, an rubuta sharif a baya da manyan baƙaƙe. Ni a sanina sharif mai doki ne da faffaɗar hula, ban san har cikin Bronx akwai su ba. Shugabarsu mace ce, gajera, da takardu a hannu. Ta ce su sashen taba ne, masu bin shaguna suna neman sigarin da ba shi da hatimin harajin gari.

Na yi murmushi har kunne na ce, "Ba na sayar da taba."

Ta ce, "Wannan adireshin yana cikin takardarmu."

"Tsohon mai shagon ne, ya tafi."

"To me ya sa kake dariya?"

Na yi ƙoƙarin ɗaure fuska, ta ƙi ɗauruwa. Na ce mata aure zan yi yau. Ta ce madalla, da muryar wadda ta sha jin irin wannan.

Ɗaya ya tsaya a bakin ƙofa. Ita ta duba lasisina da ke jikin bango. Na ukun kuwa, wani dogo mai sanƙo, bai ko kalli kayan da ke kanta ba. Ya sa safar hannu ta roba, ya fara bin bango yana ƙwanƙwasawa da bayan yatsa yana kasa kunne, kamar mai zaɓen kankana. Ya buga ƙasan kanta, ya ɗaga tabarmar sallata ya taka katakon ƙasa, ya leƙa bayan firji da tocila. Aikin ya burge ni ƙwarai, har na bi shi a baya ina kallo. Sai da ya isa kantar shinkafa, allon ya amsa masa da wata murya daban, sannan na gane abin da tsohon mai shagon yake ajiyewa a can, na kuma gane yadda zan bayyana a idonsu: mutumin da ya ce ba ya sayar da taba, ga shi da ɓoyayyen loko, yana ta washe baki.

Dogon ya danna gefen allon sau ɗaya ya buɗe. Ni sai da na yi mako kafin na iya buɗe shi haka. Ya jawo kwandon, ya ɗaga buhun, ƙanshin ganye ya cika shagon. Su ukun suka tsaya suna kallon jajayen abubuwa a naɗe cikin ɗanyen ganye.

Shugabar ta ce, "Mene ne wannan?"

Na ce goro ne, ana sayar da shi a kowane shagon 'yan Afirka, taunawa ake yi. Ta ce ta yarda, goro ba aikinsu ba ne, amma dole su ga gindin kwandon, domin sun sha samun kwalin taba a ƙarƙashin albasa da ƙarƙashin kifi. Dogon ya kama kwandon da hannu biyu zai kife shi a kan kanta.

Na ɗaga hannuwana sama duka biyu, don kada a yi mini wata fassara, na ce da duk Turancin da na mallaka:

"Ranka ya daɗe, ka kama ni in kana so, amma kada ka kife kwandon nan. In ya bugu zai yi tabo, in ya yi tabo ba ni da mata."

 Na ƙofar ya juya baya, na ga kafaɗunsa suna rawa. Daidai lokacin wayata ta yi ƙara, shugabar ta ce in ɗauka amma in buɗe murya kowa ya ji. Amarya ce.

"Kana ina? Baba ya riga ya tafi masjid, ya zauna a front paa, sahun gaba."

"Ina shago. Bon, akwai baƙi kaɗan."

"Wane irin baƙi ranar aurenka?"

"Masu tauraro."

Sai ta ce da Turanci, a hankali, don ta gane ana jin ta: "Ko ku su wane ne, mutumin nan wawa ne amma ba mugu ba ne. Ku bar masa goronsa." Ta kashe.

Shugabar ta dube ni na ɗan lokaci. Ta ce wa dogon ya ajiye. Ta ce mini, "Nuna mana yadda ake yi."

Haka na zama malami. Na shimfiɗa jiƙaƙƙen buhun a kan kanta, na nuna musu yadda ake ɗaga ganye ba a yage shi ba, yadda ake ɗaukar goro ɗaya-ɗaya da tafin yatsu ba da farce ba, a ajiye shi a rufe nan da nan. Dogon ya durƙusa da bindigarsa a ƙugu yana miƙo mini, ni ina karɓa ina jerawa. Hannunsa ya fi nawa sanyi, abin har ya ɗan ba ni haushi. Muna aiki na tambaye shi ko su ne masu ɗaure tayar mota a titi in mai ita bai biya tara ba. Ya ce a'a, waɗancan sashensu daban, masu kai takardar kotu daban, masu neman wanda alƙali ya ce a kawo daban. Shi shekararsa tara yana sauraron bango. Ya ga taba a cikin silin, a cikin akwatin wuta na ƙarya, a bayan madubin bayi, amma yau ne ya fara buɗe loko ya tarar da aure.

Agogo yana ta tafiya, ni kuwa dariya na cina. Tsoro nake ji sosai, amma duk sanda na ɗaga kai na ga jami'in gwamnati yana lallaɓa goro kamar ƙwai, sai ta kuɓuce mini. Muka kai gindin kwando, babu komai sai ganye. Shugabar ta haska lokon da tocila, ta ɗauki hotonsa, ta ce in sa kafinta ya cire allon kafin su sake zagayowa. Na yi alkawari.

Mayarwa ta fi fitarwa cin lokaci. Dogon ya ƙi barin ni in yi gaggawa, ya jera fari layi guda, ja layi guda, ganye a tsakani. Da muka gama na ɗauki fari ɗaya mafi girma na miƙa wa shugabar, domin bai dace mutum ya taya ka aikin goro ka sallame shi hannu wofi ba. Ta ce doka ta hana su karɓar komai a shagon da suka bincika, ko da ruwa ne. Na ce wannan ba kyauta ba ce, gayyata ce. Ta ce ta gode, amma a'a. Na mayar da shi saman kwando, raina bai so ba.

Ban yi wanka ba, ban sa shaddar da na kai guga ba. Na rungumi kwandon na tare tasi. Lokacin da na isa masallacin Morris Heights an daɗe da sallamewa, ni ko Juma'ar ban samu ba. Rabin mutane sun koma aiki. Kawuna, wanda shi ne wakilina, ya tarye ni a bakin ƙofa yana cewa, "Mi ya same ka? Vraiment ka kashe mu da kunya." Tsohon yana zaune a sahun gaba, sandarsa a kan cinya, bai ko waiwayo ba. A nan murmushin ya bar fuskata, karon farko tun asuba.

Na durƙusa na ajiye kwandon gabansa na ce, "Baba, na yi latti."

Ya ce, "Na gani."

Ya ɗaga buhun. Ya daɗe yana kallo. Ya sa hannu ya ɗaga layin farko, ya duba na biyu, ya juya ɗaya a tafinsa yana neman tabo.

"An buɗe goron nan yau. Kuma ba hannunka kaɗai ya jera shi ba."

Na faɗa masa komai, tun daga lokon har safar roba. Mutanen da ke bayansa suka fara ƙyaƙyatawa, liman ya rufe baki da rawani. Shi bai yi dariya ba.

"Da bindiga a jikinsu?"

"E, Baba."

"Ka ce su kama ka su bar kwandon?"

"Haka na ce."

 Ya zaro ganyen fita guda ya kai hancinsa, ya rufe ido. Sannan ya laluba aljihu ya fito da ɗan magogi na gwangwani, duk ya sha hannu. Sai a lokacin na lura cewa mutumin da ya hana ni barci kwana huɗu ba shi da haƙorin tauna goro. Ya ɗauki farin nan na sama, wanda shugabar ta ƙi karɓa, ya ɓare shi, ya goga a tafin hannunsa, ya zuba a baki. Duk masallacin muna jiran muƙamuƙinsa.

Idonsa ya kawo ruwa, ya goge da hannun riga. Ya ce, "Uwar 'yata ce take goga mini a da, tun can gida." Ya miƙo mini magogin tare da ɗaya ɓarin. "Ka koya. Hannuna ya fara rawa."

Na karɓa. Ina cikin gogawa na ji ya juya wurin liman ya ce, "Malam, a ɗaura."