Inda Baba Ya Tsaya da Karatu

Shekara bakwai ke nan da rasuwar mahaifina, mai bishara a wani ƙauye kusa da Kafanchan. Ban yi kuka ran jana'izarsa ba, har yau kuma ban yi ba. Mutane sun ce ina da ƙarfin hali, ni ko na san babu komai ne a ciki.

Baba yana da wata ɗabi'a a sujadar safe. Ba ya ƙarasa karatu. Sai labari ya yi daɗi ya rufe Littafi Mai Tsarki, ya sa kara a wurin, ya ce mu tafi gona da rabin, gobe mu ji sauran. Safiyarsa ta ƙarshe ya karanta mana wahayin Ezekiyel na kwarin busassun ƙasusuwa. Suka harhaɗu, nama ya rufe su, fata ta hau, amma ba numfashi. Nan ya tsaya. Ya ce kwarin nan ba a wata ƙasa yake ba, a ƙirjin mutum yake, kuma akwai masu zuwa coci fes da su, alhali a nan suka tsaya. Da rana ya faɗi a gonar citta.

Da zai dawo yau, zai ga an yi wa cocinsa rufin kwano, yara sun cika makarantu tun da ilimi ya zama kyauta, ɗansa kuma ya zama hedimasta mai babur. Zai yi murna, na sani. Sannan zai dube ni ta saman tabarau, ya gane ni ne mutumin da ya kwatanta. Ina jan waƙa ran Lahadi, ina addu'a, ba na jin komai.

Karan yana nan inda ya bar shi. Mama ba ta iya karatu ba, kuma ta ƙi kowa ya ƙarasa mata sai ni. Kowace shekara ina kawo uzuri, don kunya nake ji in karanta zancen rai da bakin da ba rai. Bana ƙarfinta ya ragu sosai, ta miƙo min Littafin da kanta.

"Ayuba, ka gama min karatun babanka. Ba na so in je in ce masa rabi na ji."

Na cire karan, na karanta har inda iska ta shiga ƙasusuwan suka miƙe tsaye. Na gaya mata gaskiya, ni ban ji komai ba.

"To, ƙashi ne ya kira iska?" in ji ta. "Kwanciya kawai ya yi, iska ta zo ta same shi."

Baba bai bar mana gida ko shanu ba, wannan ɗabi'ar ce gadonmu. Na matsar da karan gaba kaɗan, na rufe Littafin. Mama ta ce gobe in zo da wuri.