Dalar da Babana Bai Buga Ba

Matso kusa ka ji, ni ba na iya ɗaga murya. Jiya jikata ta dawo daga butik, kantin unguwa, 'yar dala ashirin ta suɓuce mata ta faɗi kan siminti. Ƙarfe ne kawai, ƙarar ba ta da rai, amma ta mayar da ni zauren babana a unguwar Birni.

Babana maƙerin fari ne, mai narka tsofaffin dalolin azurfa na zamanin Nasara ya yi wa mata mundaye. Zauren kullum warin gawayi yake, da hucin zugazugi. Maƙeran fari suna da ƙa'ida guda: duk dalar da aka kawo, sai a buga ta kan uwar maƙera a gaban mai ita kafin ta ga wuta. Azurfar gaske takan yi kuka mai tsawo, tiiin, har cikin haƙori. Ta jabu, dalma ce aka shafa wa fari, tak take yi ta mutu.

Wata kaka, an gama cirar gyaɗa, kawuna, yayan innata, ya zo daga Droum. Ya sayar da amfanin gonarsa ya sayi daloli a kasuwar Mirriya, yana so a yi wa matarsa munduwa. Ya zazzage su kan tabarma. Kakata, mahaifiyar babana, tana bayan zana tana tsince min ƙwarƙwata, sai hannunta ya tsaya cak.

"Kai," ta ce wa babana ta cikin zana, "buga su."

Ina! Suruki ne fa. Buga kayansa a gabansa kamar ka ce masa maƙaryaci ne. Babana ya sunkuyar da kai, ya zuba su a kasko, ya sa a wuta.

Ko zuga kirki ba a yi ba suka zube. Azurfa takan yi gardama da wuta, wannan kuwa nan take ta zama ruwan toka mai wari. Kawu ya dawo daga alwala ya leƙa kaskon.

"Ina azurfata?"

"Yaya, wallahi dalma aka sayar maka."

"Ni za ka yi wa wayon 'yan birni? Juya bayana kaɗai na yi!"

Ban ga lokacin da ya ɗauki masaba ba. Na dai ji ta. Babana ya dafa uwar maƙera zai tashi, masabar ta sauka kan yatsunsa, ƙashi ya ce ƙaras kamar an taka busasshen kara. Jini ya fantsama cikin gawayi yana cuwi. Babana bai yi ihu ba, ya kai masa karo a ƙirji, suka kife kan murhu, garwashi ya watsu, rigar kawu ta kama. Innata ta fito ba ko mayafi, ta faɗa tsakani tana "Yaya! Yaya!", gwiwar hannun yayanta ta fasa mata leɓe. Ni fitsari kawai nake yi a tsaye.

Kakata ce ta kwara musu tulun ruwa. Ta duƙa ta tsinto dala guda da ta gangara ƙarƙashin zugazugi, ta sake ta kan uwar maƙera. Tak. Ta kwance tata, wadda take rataye a wuya tun aurenta, ta saki. Kukanta ya cika zauren, kowa ya yi tsit har ya ƙare. Ta sa haƙori ta gartsa ta kawu, ta miƙa masa da shaidar haƙoran a jiki.

Kawu ya zauna daɓas cikin ruwa da toka, ya rufe fuska. Maƙwabta suka ce a kira jandarma, babana ya ce a'a, kawun 'ya'yansa ne. Maɗori ya yi iya yinsa, yatsu uku suka ƙage. Babana ya koma ƙera lauje, bai ƙara taɓa azurfa ba. Kowace kaka kawu yakan aiko da damman gero, amma har ya rasu bai sake taka zauren nan ba.

Yanzu kuɗin hannunmu ja ne da fari, wani ma kala biyu a haɗe, wani mayen ƙarfe na ɗaukarsa kamar ƙusa, ba mai sauraren kukansu. Kakata, Allah ya ji ƙanta, takan dubi hannun babana ta ce kunya ce ta cinye shi. To kai, da kai ne zaune gaban surukinka ranar nan, za ka buga dalar?