Kwat ɗin Bashiru

Jiya bayan la'asar Alhaji mai tireloli ya tare ni a ƙofar masallaci, wai yana neman mai jin Faransanci ya riƙa bi masa takardu a tashar jirgin ruwa.

Na ce, "Ga jikana Bashiru, yana jin Faransanci, tun da ya gama jami'a yake zaune ba aiki."

Ya ce, "Mai fita kullum da kwat da jaka? Baba, na ɗauka a banki yake. Tun bara nake nema."

Ashe kunyar mutanen unguwarmu Zongo ke sa Bashiru cin ado, ya tafi unguwar Totsi ya wuni a shagon abokinsa.

Na koma gida na ce, "Manajan banki, gobe sa tsohuwar rigarka mu je gun Alhaji."

Ya yi dariya, ido ya kawo ruwa.

Naku yaran ma haka suke ɓoye rashin aiki?