Ruwan Tekun Hajiya Babba

Ranar wata Asabar, a dogon hutun shekarar da na gama aji huɗu, na tsaya a bakin teku a Legas, riƙe da ƙaramin bokitin roba mai murfi. Baffana, ƙanin mahaifina da ke sayar da shanu a can, shi ya kwashe mu da 'ya'yansa zuwa wurin shaƙatawa. Aka shimfiɗa tabarma ƙarƙashin itatuwan kwakwa, aka buɗe kular shinkafa, ni kuwa na saki baki, don ban taɓa ganin ruwan da ya wuce kududdufin unguwarmu ba.

Bokitin na kakata ne, Hajiya Babba. Gwiwoyinta sun daɗe suna damunta, kuma ta yi imani ruwan teku zai saukar da kumburin, tunda ta gwada shi a Jidda shekarar da ta sauke farali. Da za mu taso daga unguwarmu Gwammaja a Kano ba ta nemi wata tsaraba ba. "Angona, ruwan nan kaɗai nake so," in ji ta.

Na cika shi tun da isarmu. Sai dai rairayin cike yake da ɓawon katantanwa, farare da masu ratsin ja, irin waɗanda ba wanda ya taɓa murzawa a filin makarantarmu, inda muke taƙama da 'yan baƙaƙen bakin rafi. Na cika aljihuna biyu, na cika hula, duk da haka idona bai ƙoshi ba. Da Baffa ya ce a tashi, sai na juya baya, na tuntsurar da ruwan, na ɗura katantanwa. Na riƙe bokitin a cinyata har Kano, ban bari kowa ya taɓa ba.

Da muka iso na zagaya bayan ɗaki, na juye katantanwar, na ja guga a rijiya na cika bokitin, na ɗebo gishiri a madafin Inna mahaifiyata, na dama. Hajiya Babba ta buɗe murfin, ta sunsuna, ta ɗanɗana da ɗan yatsa, ta dube ni jim kaɗan. Sannan ta sa mini albarka, doguwa, har na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Daga ranar, kullum da safe kafin in yi shara in tafi allo, ni take kira in shafa mata. Duk baƙuwar da ta shigo sai ta ba ta labarin angonta da ya ɗauko mata teku tun daga Kudu. A makaranta katantanwata ta kayar da ta kowa, amma ban ji daɗin ko ɗaya ba. Gwiwoyin kuwa suna nan yadda suke.

Ranar da ruwan ya kusa ƙarewa, ina durƙushe ina shafawa, ta dafa kaina ta ce a hankali, "In za ka haɗo wani, ka rage gishirin. Yana sa ni ƙaiƙayi." Ba ta gaya wa mahaifina ba har ta rasu.

Yanzu nakan kai 'ya'yana bakin tekun nan a jirgin sama, tafiyar da ba ta kai zaman cin tuwo biyu ba. Su bazama tsintar ɓawo, ni in cika gora da ruwan teku in kawo gida in ajiye bayan ƙofa. Har yau suna tambayata na wane ne.