Tofin Inna Kulu a Jikin Taga

Har yau in na ɗauki tsumma zan goge taga, sai na tuna ranar da Hauwa'u ta haihu a hannunmu. Lokacin ina taimaka wa ungozoma a wani ƙaramin asibiti kusa da Lolo, shekarar korona, kafin in ajiye aiki in zauna gida.

An kawo ta daga wani ƙauye na bakin iyakar Benin da zazzaɓi da tari, ciki bai isa haihuwa ba. Shugabarmu, Sista Bola, ta sha gaya mana cutar ta fi wahalar da mai ciki, don dama numfashinta a takure yake, kuma takan jawo naƙuda kafin lokaci. Haka kuwa aka yi. Yaro ya zo ɗan mitsitsi, amma da ya tsala kuka sai ga ni ina rawa da bokiti a hannu, ina ta hamdala.

Sista ta kafa doka: uwa ta wanke hannu, ta sa takunkumi, ta ba da nono. 'Yan barka kuwa, waje.

Sai ga uwar miji, Inna Kulu, ita ma tana tari.

"Ɗiyata, kauce in yi wa jikana tofi," ta ce mini.

"Inna, huhunsa bai yi ƙwari ba."

"Ubanshi da tofina ya girma. Ga shi can kamar rumbu."

Ni ma kuwa ba na wasa da addu'a. Sista ta leƙo da Hausarta ta kasuwa. "Mama, addu'a tana wuce gilas?"

"Mi za ya hana ta? Bango ma wucewa takai."

"To, ga taga."

Muka rufe taga, na ɗaga yaron daga ciki. Inna ta karanta, ta tofa a gilashi. Ashe dangi na bayanta. Kowa ya bi layi, har mai kabu-kabun da ya kawo su. Kafin la'asar ba a ganin waje. Hauwa'u ta yi ta dariya cikin takunkumi har tari ya sarƙe ta.

Ni na wanke tagar, da safar hannu da ruwan sabulu, Inna na tsaye tana gargaɗina kada in goge albarkar duka.

Allah da ikonsa uwa ta warke, yaro bai kamu ba. Tun ranar na gane a aikinmu ba a raba mutum da addu'arsa, wurin tsayawa ake nuna masa. Ranar sallama Inna ta goya jikanta, ta dubi Sista.

"Kin gani ko? Na ce miki tana wucewa."