Bencin Kawu a Cocin Kwatas

Ana sallame sallar asuba muka bar unguwar Mahjar zuwa filin jirgin Jidda, ni da abokin aikina, kowa da burodin tamis da waken ful a leda. Hutun shekara za mu gida, amma ni da aike a kaina. Kawuna Garba kafinta ne, ya zo Hajji tun da jimawa ya maƙale. Ba shi da iƙama, wato takardar zama, in ya fita ƙasar halas, ba komowa, ga shi idonsa ya fara mutuwa. Da na je yi masa sallama sai ya riƙe hannuna.

"In ka je Kaduna ka leƙa cocin Angilikan na kwatas ɗin 'yan masaƙa. Ni na yi musu bencuna, ba ƙusa ko ɗaya, kuma ina sassaƙa tauraro a ƙarƙashin kowanne. So nake in san ko akwai aikina da ya rage a gida."

A Kano muka sauka, na huce haushin masa da miyar taushe. Washegari muka kama hanyar Kaduna da wani direba mai gaisawa da kowane rami. A Zariya muka sayi balangu, ya yi tsadar da har na tambayi mai naman ko a jirgi ragon ya zo.

Cocin na tsakiyar gidaje masu fasali ɗaya, fentinsu duk ya koɗe. Ban taɓa shiga coci ba, don haka na tuɓe takalmi a bakin ƙofa cikin ladabi. Wani dattijo mai suna Baba Istifanus ya yi ta dariya.

"Ɗana, mayar da takalminka. A nan hula ake cirewa."

Shi ya ba ni tarihin wurin. A falonsa aka fara taruwa lokacin da aka raba wa ma'aikata gidajen. Daga nan aka kafa rumfar kwano, iska ta yaye ta sau biyu, sannan mata suka yi ta ɗebo yashi da ruwa aka buga bulo. Masaƙa ta rufe, mutane suka watse, cocin yana nan.

Muna shiga gabana ya faɗi. Kujerun roba ne fal, farare.

"Baba, ina bencunan da?"

"An raba wa coci-cocin ƙauyuka. Saura ɗaya."

Ya kai ni gindin mangwaro, inda tsofaffin kwatas, Musulmi da Kirista, ke hira a kan bencin da yamma. Na roƙe su suka tashi, na kwanta a ƙasa da farar jallabiyata na leƙa. Ga tauraron nan. Wallahi sai da na ji ƙwalla. Na faɗa musu kawuna ne ya yi shi, shi ya aiko ni.

"Garba kafinta yana raye?" in ji Baba Istifanus. "Ka ce masa a kan aikinsa aka ɗaura min aure." Ya haɗa ni da ƙullin daddawa in kai masa.

Tafiyar ta koya min cewa mutum kan bar kansa a inda bai zata ba. Ranar da na dawo Mahjar na miƙa wa Kawu hoton bencin da na ɗauka a waya, ya ture, don ba ya gani.

"Ka zauna a kai?"

"Na zauna, Kawu. Mu biyar."

"Ya yi girgiɗi?"

"Ko kaɗan."

Ya daɗe yana murmushi, yana shinshina daddawar.

"Yalla," ya ce, "maza zuba mana shayi."